Fuskar da Babu Mai Ita

Ranar da abin ya fara, matar kafinta tana tsakar gida tana kwashe wanki daga igiya, rana ta riga ta faɗa bayan rufin maƙwabta. Wata bakwai ke nan da rasuwar mijinta. Auta, 'yarta mai shekara goma sha shida, tana bakin famfo tana alwala. Gidan shiru, irin shirun da ya tare musu tun ranar da aka rufe shagon da ke ƙofar gida, aka daina jin zarto da guduma.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi. Ta ɗauka yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya sauka a gaban ƙafarta. Da ta sunkuya sai ta ga ba dutse ba ne, ƙusa ce, doguwa, a lanƙwashe, irin wadda ake zarewa daga tsohon katako. Ta ɗauka, ta ji ta da ɗumi kamar yanzu aka fitar da ita daga bakin mutum. Kafinta a baki yake riƙe ƙusa idan yana aiki.

"Umma, mene ne?" in ji Auta.

"Ba komai. Shiga ɗaki."

A ɗakin akwai hoto. Kafinta mutum ne da ba ya son a ɗauke shi, duk rayuwarsa sau ɗaya aka dace, a cikin abokan aiki su bakwai, kansa bai fi farcen babban yatsa ba. Bayan rasuwarsa ta kai wa mai hoto, ya cire shi daga cikin mutane, ya ƙara masa girma. Da ta je karɓa ya ce, "Mama, fuskar ta dushe, amma na gyara miki ita a kwamfuta." Fuska ta fito sumul, da haske, ba tamoji ko ɗaya. Ƙaramin hoton kuwa, mai hoto ya juye durowa kaf, ya ce ya ɓata.

Gwaggo, yayar marigayin, da ta gani sai ta tafa hannu. "Wannan wane ango ne? Ƙanena ko ranar aurensa bai yi wannan kyau ba. Ina tabon girarsa? Kuma duk bangon ɗakin nan ki rasa inda za ki rataya shi sai na alƙibla?"

A bangon nan ne ƙusar da marigayin ya kafa da hannunsa take, inda yake rataya hularsa. Can matar kafinta ta ga ya dace da shi.

Tun daga ranar, kowace magariba, lokacin da ya saba kulle shago ya shigo, idan ta shimfiɗa dardumar salla sai ta ɗaga kai ta ce abin da ta shekara ashirin da bakwai tana faɗa: "Sannu da aiki, Maigida. Shigo ka huta." Sai ta ba shi labarin yini, wa ya zo, wa ya yi rashin lafiya, me Auta ta yi. Idan kewa ta yi mata yawa har amsa wa kanta take yi, ta kwaikwayi muryarsa. A hankali hirar ta fi addu'ar tsawo, ita kuma ba ta lura ba.

Kwana uku ana jifa da ƙusa, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu suka ji zarto yana cin katako a cikin shago, ga kwaɗo a ƙofa, ga makulli a ƙarƙashin matashinta. Suka tsaya a tsakar gida riƙe da hannun juna har sautin ya ɗauke.

A na biyar ta shiga ɗaki ta tarar da Auta tsaye a gaban hoton, ruwan alwala yana ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta kira ta, ba ta juyo ba. Ta sake kira. Sai yarinyar ta juyo a hankali, idanunta a buɗe ba ƙiftawa, ta buɗe baki, muryar namiji ta fito, mai kauri, da ɗan tarin nan na ƙurar katako.

"Na shigo."

Matar ta zauna a ƙasa. Abin da har yau take jin kunyarsa shi ne, a ƙarƙashin tsoron akwai murna. Kwana biyu ta ɓoye maganar. Da magariba ta yi sai muryar ta zo, ta tambayi ciwon gwiwarta, ta yi mata faɗan barin famfo yana zuba. Idan muryar ta tafi sai Auta ta zube kamar tsumma. Yarinyar ta daina cin abinci, ta daina salla, idan aka kira salla sai ta toshe kunne. Wuyanta ya fito, tafin hannunta ya yi sanyi kamar ƙarfe.

A rana ta uku Gwaggo ta zo, ta dubi Auta sau ɗaya, ta dubi uwar. Ba ta ko cire mayafi ba ta juya. Bayan la'asar ta dawo da Malam, wani dattijo siriri mai magana ƙasa-ƙasa.

Malam ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya daɗe yana kallon bangon alƙibla. Ya nemi ruwa a kwano, ya zauna, ya ce a jira. Suka jira. Haske ya janye daga taga, inuwa ta cika kusurwoyi, fuskar da ke cikin gilashi ce kaɗai ta rage da haske. Ƙusa ɗaya ta faɗo a kan rufi. Auta, da ke kwance, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

Malam ya fara karatu. Yarinyar ta yi wata ƙara da ta sa Gwaggo ta riƙe ƙirji. Ya yayyafa wa Auta ruwa, ya ce, "Wane ne kai?"

"Maigidan."

"Malam, wallahi muryarsa ce," in ji matar kafinta, tana kuka.

"Baiwar Allah, wanda ya tafi ya tafi. Tambaye shi abin da ba ki taɓa faɗa a gaban hoton nan ba."

Ta lalubi zuciyarta, ta rasa. Babu abin da ba ta faɗa ba. Sai Gwaggo ta matso.

"Idan kai ƙanena ne, taɓa mini inda tabonka yake."

Hannun Auta ya tashi. Ya shafa kunci, ya shafa goshi, ya sauko haɓa, yana lalube kamar makaho a ɗakin da bai sani ba.

"Ba ni da tabo."

"Maƙaryacin banza!" in ji Gwaggo. "Ni na ji masa ciwon da murfin tukunya yana ɗan shekara shida. Har ya mutu yana yi mini gori."

Sai dariya ta fito daga bakin yarinyar, muryar ta sauya, ta zama siririya, busasshiya, ba ta namiji ba, ba ta mace ba.

"To, ni dai ban yi sata ba, Malam. Wucewa nake yi da magariba na ga fuska a rataye. Na duba, ba ta rayayye ba ce, ba ta matacce ba ce, babu mai ita. Kango ne. Kuma matar gida ta ce shigo. Kullum sai ta ce shigo ka huta. Wata shida ina kawaici."

"Muryar fa, a ina ka samo?"

"A bakinta."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Jikin Auta ya sandare, jini ya ɓullo daga hancinta.

"Tsaya! Mu yi magana. Zan saki yarinyar, in koma cikin hoton. Ku bar ni a rataye, ba zan sake jifa ba. Uwar kaɗai zan riƙa amsa wa." Idanun suka juyo kan matar kafinta. "Ke, rufe ido ki tuno fuskarsa."

Ba ta so ba, amma ta rufe. Ta nemi mutumin da ta kwana ta tashi da shi shekara ashirin da bakwai. Babu abin da ya zo sai fuskar nan sumul mai haske, ta mai hoto. Tsoron da ya kama ta a lokacin ya fi na ƙusa da na zarto.

"Kin gani? Idan na tafi da wannan, me ya rage miki?"

Malam ya dakata da karatu. Ya ce a hankali, "Zan iya ƙona shi da ayoyi har ya gudu, amma gobe zai dawo, don da izini ya shigo. Ke kika ce shigo. Ke za ki ce fita."

Matar kafinta ta dubi hoton. Ta dubi Auta, jini ya gangaro har kan leɓenta, yatsun ƙafarta sun naɗe. Uwar ta miƙe, ta kama hoton da hannu biyu. Ya yi mata nauyi kamar ƙyauren ƙofa. Ta yi bisimilla ta sauke shi, ta kife shi a ƙasa.

"Fita," ta ce. "Ba kai nake kira ba. Mijina yana hannun Allah."

Gilashin ya tsage a ƙarƙashin tafinta. Wata iska mai wari kamar jiƙaƙƙen katako ta bi ta ƙofa, labule ya tashi ya koma. Ƙusar bangon ta zare kanta ta faɗo. Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta yarinya, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Da hannunta matar kafinta ta ƙona hoton a tsakar gida. Ta yi sallar magariba tana fuskantar bango, babu komai a kansa sai shatin inda hoton ya zauna. A sujada ta daɗe. Wannan karon ba ta ba kowa labari ba, gafara ta roƙa masa.

Mako biyu tana rufe ido ba ta ganin kowa. Ta ɗauka shi ke nan, ta binne shi sau biyu.

Wata yamma Gwaggo ta zo, ta zauna a kan kujerar tsakar gida, ƙafar kujerar ta goce. Auta, da ta fara murmurewa, ta ɗauko gudumar babanta. Ta tsuguna, ta saka ƙusa biyu a baki, ta kanne ido ɗaya, ta ɗage gira tana auna katakon. Matar kafinta ta saki tsintsiyar da ke hannunta. Ga mijinta nan a fuskar yarinyar, da zufarsa, da ɓacin ransa idan katako ya ƙi zama, da komai.

"Ta hagu ce," ta ce. "Yaya, tabon a girar hagu yake."

"Ta hagu mana," in ji Gwaggo, tana share ido da bakin mayafi. "Ai da dama na jefa."

Suna cikin haka rana ta faɗi, aka yi sallama a ƙofar gida. Auta ta buɗe baki za ta amsa, uwar ta riƙe mata hannu. Ta tafi da kanta, ta leƙa, ta dubi mai sallamar tun daga fuska har ƙafa, sannan ta ce, "Shigo."