Kunyar Rafi'u a Dutsen Maciji

"Halas, ya isa haka, Zubaidatu! Mu je Indiya a yi miki aikin, muna dawowa ki wuce Kano. Na gaji!"

Hamad ke faɗa, yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsu da ke unguwar Sa'alaba a Jidda. Ita tana zaune tana ninke kaya. Ta ce, "To."

"To? Shi ke nan, to?"

"Me zan ce, Habibi?"

Ya bugo ƙofar ya fice, ta ci gaba da ninkinta. Wallahi ba taurin kai ba ne. Tun ranar da aka kai ɗansu makwancinsa ta daina jin komai, daɗi ko zafi. Ko maganar saki da ya yi yanzu, ji ta yi kamar a gidan maƙwabta ake yin ta.

Ita 'yar Kano ce, aikin nas ya kawo ta wani asibiti a Jidda. Shi kuwa Bahaushe ne haifaffen Jidda, mahaifiyarsa ma nan aka haife ta, Hausar tasa rabi Larabci. A kasuwar Bab Makka suka haɗu, ya taya ta cinikin yadi, daga nan soyayya ta ƙullu har 'yan'uwansa na tsokanarsa wai 'yar Kano ta shanye shi.

Allah Ya ba su ɗa, aka mayar masa da sunan marigayi mahaifin Hamad, Rafi'u. Da ciwon zuciya ya zo, ɗan siriri, leɓunansa kullum shuɗi. Bai cika shekara biyu ba ya koma. Ranar zaman makoki Zubaidatu ce ke zuba wa mutane shayi, ko hawaye babu, 'yan'uwan Hamad suna kallon juna.

Bayan an yi mata aikin mahaifa, Sarojini, abokiyar aikinta da ta zo hutu gida, ta ɗauke su zuwa ƙauyensu a kudancin Indiya don ta murmure. Wata safiya ta ce za ta raka tsohuwarta wurin bautarsu a kan dutse.

"Likita ya ce ki riƙa tattaki," in ji ta da Larabcinta na asibiti. "Ku zo ku sha iska, ba sai kun shiga ba."

"Me kuke bauta wa a can?" Hamad ya tambaya.

"Maciji."

"A'uzu billahi!"

Amma da ya ga Zubaidatu ta yafa mayafi, sai ga shi ya zura takalmi. Mutumin da zai yi saki ke nan! Duk inda matakalar ta yi tsayi sai ya miƙo hannu, fuska a ɗaure, idonsa na kallon wani wajen.

A saman dutsen ga ɗan ginin ibadar, ana ta kaɗa ƙararrawa, hayaƙin turare ya cika wurin. Ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya an jera macizai na dutse, sun yi ɗorawa da kurkur, mata na tsiyaya musu madara, ƙuda na bi. Su biyun suka tsaya can gefe da takalmansu. Zubaidatu ta ƙura wa abin ido. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji ƙyama ba, kallo kawai take.

Sai ta ɗaga kai. Rassan bishiyar cike suke da 'yan ƙananan gadajen jarirai na katako, ko tafin hannu ba su kai ba, iska na lilo da su.

"Masu neman haihuwa ke ɗaurawa," Sarojini ta ce. "Mamata na tambaya ko a ɗaura miki."

"A'a, na gode. Mu wurin Allah muke nema."

Tsohuwar ba ta ji haushi ba. Ta matso ta kama hannun Zubaidatu, ta yi magana a hankali da yarensu.

"Ta ce ita ma ta binne nata na fari," in ji Sarojini. "Tana tambaya, naki ya sunansa?"

Zubaidatu ta sunkuyar da kai.

Hamad ya yi wata dariya mai ɗaci, ya dubi Sarojini. "Ni za ki tambaya, ya ukhti. Ita ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yaron nan, yaron nan, har ya mutu!" Ya juyo kan Zubaidatu da Hausa. "Ko a nan ma? Ko a gaban wadda ba ta san ki ba? Don kawai Allah Ya halicce shi da ciwo? Ko Ummu Rafi'u aka ce miki sai ki bar wurin!"

"Ciwo kuma?"

"Ke da bakinki kika faɗa! Na tambaye ki don me ba kya ɗaukarsa a gaban baƙi, kika ce kunyarsa kike ji. Ɗana ne aibu, Zubaidatu? Ɗana?"

Sai yanzu ta gane abin da ya cinye musu aure.

"Habibi... wace kunyar ka ɗauka?"

"Kunya nawa ce? Aib! Abin ɓoyewa!"

"Inna lillahi..." Ta dafe ƙirji. "Ɗan fari ne fa. Kuma sunan babanka gare shi. Ta ina zan buɗe baki in kira sunan surukina? Innata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, kuma duk cikinmu babu wanda take so kamarsa. Da zan taho ta ja min kunne, ta ce kada Jidda ta cire min kara. A wurinmu, wanda ya fi shiga rai shi ake jin kunya."

"Ya'ani... ba don ciwon ba?"

"Da a ce ana ba da zuciya, da tuni na ciro tawa na ba shi."

Hamad ya zame ya zauna a kan dutse. "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na zaci ka sani. Ai kai ma Bahaushe ne."

Tsohuwar dai na nan riƙe da hannunta, ba ta jin ko kalma ɗaya, amsarta take jira. Zubaidatu ta dubi wurin. Babu suruka, babu dangi, babu mai cewa ta yi rashin ta-ido.

"Ra..." Harshenta ya sarƙe. "Rafi'u."

"Rafi'u," tsohuwar ta maimaita da irin nata lafazin, tana gyaɗa kai.

Wayyo Allah! Nan abin ya ɓalle. Kukan da ta haɗiye ranar jana'iza, da na ranar uku, duk suka taso lokaci guda. Ta durƙushe tana kiransa, "Rafi'u! Rafi'una! Ɗana!" har masu zuba madara suka waigo.

Hamad ya rarrafo ya rungume ta. "Samihini, ya ruhi... ki yafe min. Babu inda za ki, wallahi babu!"

Da kukan ya lafa, ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana ajiyar zuciya.

"Idan kun fita duka," ta ce, "sai in kulle ƙofa in goya shi, mu yi ta rawa a tsakar ɗaki. Har ƙyaƙyatawa yake, Habibi."

"Ƙyaƙyatawa?" Hamad ya ɗago, hawaye na bin gemunsa. "Ni ban taɓa jin ya ƙyaƙyata ba..."

"Da ƙarfi ma."

"To yi min. Don Allah, yi min yadda yake yi."