Kyandir a Ɗakin Harawa

A garin Dogon Daji akwai wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Yarinyar akwai ƙoƙari, wannan ba a ja. Sai dai fa akwai gaggawa. In ta sa abu a gaba, kunnenta toshewa yake yi.

Malaminsu na noma, Malam Suhaibu, ya taɓa zuwa ƙasar Koriya karatun noman shinkafa. In an tashi daga makaranta yakan tara masu so a gindin dogonyaro. Nan yake koya musu yaren can.

Ran nan ya ce, "Muna da baƙi daga Koriya. Za su zo duba shinkafar fadama, kuma za su biyo ta makarantarmu. Ɗalibi guda zai tarbe su da yarensu."

Yarinyar ta ce a ranta, "Wallahi ni ce."

Malam ya zana haruffa uku a allo. Na farko kamar lauje. Na biyu lauje ne da ɗan layi a cikinsa. Na uku kuwa lauje biyu ne a jere.

Ya ce, "Wanda ya raba 'yan ukun ga da bakinsa, shi za a zaɓa. Duka daga wuri ɗaya suke fitowa. Bayan harshe ke tashi ya taɓa ganɗa, kamar in za ku ce kaza. Iska ce ta raba su."

Ya yago takarda siririya, ya riƙe ta gaban bakinsa.

"Na farko a sake ake faɗinsa, tsakanin ka da ga. Ge, wato kare."

Takardar ta ɗan motsa.

"Na biyu da iska mai yawa. Khe, wato tono."

Takardar ta kwanta.

"Na uku a ƙanƙame maƙogwaro, ba iska ko kaɗan. Kke, wato riɗi. Ya yi kusa da ƙa ɗinmu, amma ba shi ba ne, kada ku fasa shi da ƙarfi."

Takardar ko gezau.

Nan fa aji ya kaure. Wannan na khe, wancan na kke, sai feshin miyau ake yi. In ka wuce ta wurin sai ka ce kaji ne suka shaƙe.

Wata ɗaliba mai suna Yusra ta ɗaga hannu. "Malam, na gani a waya wata tana yi da kyandir. Harshen wutar take kallo."

Malam ya ce, "Na san da shi. Ku dai takarda ta ishe ku. Kada in ji wani ya taɓa wuta."

Yarinyar ta ji maganar kyandir sarai. Sauran kuwa ta bayan kunne ta bi.

Da ta koma gida ta zauna tsakar gida da takardarta. Ina! Iska na kaɗawa, takarda na rawa ko ba ta ce komai ba. Ta shiga ɗaki, ƙannenta suka biyo ta suna hura mata takardar suna dariya. Haushi ya kama ta.

Sai ta tuna da kyandir ɗin Inna a kan taga. Ta lallaɓa ta ɗauke shi da ashana.

To ina ne babu iska, babu yara? Ɗakin harawa. Nan babansu, Malam Na'Allah, ya jibge abincin ragunan da yake kiwo. Shi zai kai su har ruwa ya sauka.

Ta shiga ta ja ƙyaure. Ta kifa tsohon kwano, ta kafa kyandir a kai, ta kunna.

Ta ce, "Ge." Wutar ta ɗan rusuna.

Ta ce, "Khe." Wutar ta kwanta ta tashi.

Ta ƙanƙame maƙogwaro ta ce, "Kke." Wutar ta tsaya cak.

Kai! Daɗi ya kashe ta. Ta fita a guje ta nemo Inna ta zo ta gani. Ba ta kashe kyandir ba. Ƙyauren ma a buɗe ta bar shi. Akuyar gidan kuwa da ma ta daɗe tana jiran irin wannan rana.

Inna na maƙwabta wajen daka. Yarinyar na cikin jan hannunta sai suka ji ihu.

"Wuta! Wuta gidan Na'Allah!"

Mutane suka fito da bokitai, wasu da ƙasa a kwano. Allah ya taimaka randunan gidan cike suke. Aka kashe wutar, ba wanda ya ji ciwo. Akuyar da ta shiga ta ture kyandir ɗin ta tsira da ƙonannen gemu. Amma harawa, mafi yawanta ta zama toka.

Malam Na'Allah ya dawo daga gona. Ya tsaya ya daɗe yana duban ɗakin. Sannan ya sunkuya ya ɗauko kwano da narkakken kyandir a bayansa.

Ya ce, "Wa ya kawo wanga abu nan?"

Yarinyar ta durƙusa. "Ni ce, Baba. Karatu nika yi."

"Karatu? Malamin naku shi yac ce ki kunna wuta?"

"A'a. Cewa ya yi kada mu taɓa."

Inna ta riƙe haɓa. "Ke ɗiyar ga! Da kina ciki ta kama fa?"

Baba bai dake ta ba. Ya ce, "Raguna ba su san an yi gobara ba, gobe ma sai sun ci. Kullum kinka taso makaranta, ki ɗauki lauje ki tafi bakin fadama."

Lokacin nan kuwa shi ne lokacin darasin Malam Suhaibu. Ta sani, ta fashe da kuka.

Washegari ta gaya wa Malam abin da ya faru. Ya ce, "Alhamdu lillahi da kika tsira. Baban naki ya yi daidai." Da ranar zaɓe ta zo, Yusra aka ɗauka. Abin ya yi wa yarinyar ciwo ƙwarai.

Haka ta ci gaba da yankan ciyawa. In ta gaji takan tsinci gashin tsuntsu, ta riƙe shi gaban bakinta, ta juya wa iska baya, ta yi ta gwada haruffanta ita kaɗai.

Ranar da baƙin suka zo, bayan la'asar aka kai su fadama. Malam Suhaibu na tare da su, da manoma, har da babanta. Ita kuwa tana gefen hanya tana kokawa da damin ciyawa. Ta ɗaga ya faɗi, ta ɗaga ya faɗi.

Wata mata cikin baƙin ta hango ta. Ta taho ta kama gefen damin, ta ɗora mata a ka.

Yarinyar ta saki harshe, ta ce a hankali, "Gamsahamnida." Wato na gode.

Matar ta zaro ido. Ta tafa hannu, ta yi ta zuba yare.

Malam Suhaibu ya yi dariya. "Cewa take harafin farkon nan ya fita daidai, kamar a bakin 'yan garinsu."

Manoma suka juya suna duban Malam Na'Allah. Shi kuwa ya gyara hula ya ce, "Ɗiyata ce."

A hanyar gida ya karɓi damin ya ɗauka da kansa. Ya ce, "To, mi kinka gane?"

Ta ce, "In malami ya koya mini abu, in riƙe gargaɗinsa kamar yadda na riƙe darasin. Kuma wuta ba abin wasa ba ce."

Baba ya ce, "Madalla. Gobe ki koma wurin malaminku. Ciyawa mu tafi tare in kin taso."