Direban da Ya Tsaya a Moriki

Motar ta taso daga Ƙaura za ta Shinkafi, ana shiga Moriki direba ya gangara gefen titi ya kashe ta. Ya dafe rabin kansa da hannu biyu.

"Direba, mi ya faru? Hanyar ga ake tsayawa?" Fasinjoji suka ruɗe da faɗa.

Sa'ida ce kaɗai ba ta yi faɗa ba. Ma'aikaciyar lafiya ce a Ƙaura, za ta gida hutun mako. Ta leƙo ta ce, "Malam, walƙiya kake gani a ido?"

Ya gyaɗa kai da ƙyar.

"Ciwon ɓarin kai ne. Fito ka shiga inuwa."

Ta ba shi magani da ruwa, ta jiƙa hankicinta ta ce ya ɗora a goshi. "Toshe hancin dama, ja iska da na hagu a hankali. Yanzu sauya, ka fitar ta dama. Numfashin yoga ake ce masa, a makaranta aka koya mana."

Bayan rabin awa ya buɗe ido. Abin da ya fara gani fuskarta ce, ya manta da godiyar da ya shirya.

"Sunana Khalil," kawai ya iya cewa. Ta yi dariya.

Sati bai cika ba saƙonni suka fara yawo.

"Likitata, na sha shayin cittar da kika ce, na yi numfashin bayan asuba. Kwana biyar kai lafiya lau! Amma ƙirjina ya kamu da wani sabon ciwo."

"Direbana, wancan ba ya jin citta. Ka ci abinci kan lokaci, ka sha ruwa, kuma ka tafi Gusau likita ya duba ka kamar yadda na ce."

Ya je. Ya dawo da takarda da magani, da niyyar turo magabatansa daga Zurmi.

Sai dai akwai Ɗanasabe, wani direba a tasharsu da ya daɗe yana son Sa'ida. Shi ya kai wa mahaifiyarta, Inna Hussaina, labarin cewa Khalil iskoki gare shi: yana kulle kansa a ɗaki mai duhu, yana toshe hanci yana wasu surkulle.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai iska!" in ji Inna. Sa'ida ta yi bayani har muryarta ta dushe, Inna ta ce soyayya ce ke magana. Aka hana Khalil zuwa gidan.

"Ko in haƙura ne, Likitata?" ya rubuto.

"Ka haƙura ka ga yadda ake ciwon kai na gaske," ta mayar masa tana kuka.

Mahaifinta, Malam Rufa'i, ya ƙudura ya bincika da kansa. Wata Talata ya tafi tashar Ƙaura, ya tambayi motar Khalil ya shiga gaba, don ba su taɓa haɗuwa ba. Mota ta cika, sai Khalil ya tsaya yana lumshe ido. Ya kira wani abokin aikinsa ya miƙa masa makulli.

"Jama'a ku yi haƙuri, kaina ya fara. Ba ni ɗaukar rayukanku a haka. Imran zai kai ku."

Dattijon ya sauko ya bi shi bayan rumfa, ya same shi zaune da jiƙaƙƙen ƙyalle a goshi, yatsa a hanci.

"Yaro, mi kake karantawa?"

"Ba komai, Baba. Iska ce nake ja ina ƙirgawa. In na gama in yi salati." Ya ɗan murmusa. "Wata baiwar Allah ta koya mini. Iyayenta sun ƙi ni, kuma ban ga laifinsu ba, ɗiya irin wannan dole a yi bincike."

Malam Rufa'i ya zauna kusa da shi, ya toshe nasa hancin. "Dama ko hagu ake farawa? Ni ne uban baiwar Allahn."

Khalil ya zabura har ƙyallen ya faɗi ƙasa.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Sa'ida: "Baba ya ce in turo! In turo, Likitata!" Ta yi tsalle ta rungume Inna, wadda Malam ya riga ya zaunar ya ba ta labari.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Shinkafi, motocin tasha suka jeru har Zurmi suna ta hon. Ƙannen Inna suka shiga ɗakin amarya da kaskon turaren wuta, sai ga saƙon Inna a waya, muryarta na tashi:

"Ku fitar da hayaƙin nan! Sa'ida ta ce ƙamshi mai ƙarfi na tayar masa da ciwo. Kada wadda ta taɓa mini kan ɗana. Allah shi ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Ɗakin ya ɗauki guɗa da amin.