Keken Da Ya Ƙi Shiga Lif

Na sake tura keken da iya ƙarfina, ya sake cijewa a bakin lif, na'urar hawa da sauka ta benenmu.

Yatsa biyu kacal ya fi ƙofar faɗi. Na sani, don na sha aunawa da hannuna. Amma ranar sai na tsaya ina turawa kamar mai jiran ƙarfe ya ji tausayinta. 'Yan biyuna suna ciki, wata biyar da haihuwa, ɗaya ya fara kuka ɗayan ya karɓa, don su ba sa barin ɗan'uwa ya yi aiki shi kaɗai. Yayarsu mai shekara uku, wadda ubanta ya laƙaba wa Gimbiya, tana ta latsa duk maɓallin da hannunta ya kai.

"Mami, yau ma ba za mu je ba?"

"Za mu je. Yau ko da jan ciki ne sai mun sauka."

A kafaɗata akwai jakar kayanmu. A wayata akwai tikitin jirgin ƙasa zuwa garin da ƙanwar mahaifiyata take aure, na zuwa kawai, babu na dawowa. Mijina bai sani ba.

A hawa na shida muke zaune, a ƙasar da ba tamu ba. Keken nan na tura yara biyu, mai kujeru a jere, kyautar yayar mijina ce. Ita ta kawo mijin nawa ƙasar, ita ta yi masa hanyar aikin tuƙin bas, a gidanta na sauka ranar da na zo ina amarya. A kwali ta kawo keken, mijina ya haɗa shi a falo yana gumi, ta ɗauki hoto ta tura wa dangi kaf, aka yi ta sa mata albarka. Da na yi ƙwari na ce bari in fita da yara, sai keke ya ce shi ba ya shiga lif.

To da wane baki zan faɗa? A gidanmu ba a koya mini kushe kyauta ba, balle ta babbar yaya. Na yi mata kara, na haɗiye maganata, ina cewa gobe zan san dabara.

Dabara kuwa babu irin wadda ban yi ba. In na fara sauke keken ta matattakala, yara suna sama su kaɗai. In na fara sauke yara, babu mai tsaya mini da su in koma. Na taɓa goya ɗaya, na rungume ɗaya, muna fita Gimbiya ta fizge hannunta ta nufi titi, daga ranar ban sake gwadawa ba. Ranar asibiti kawai nake ganin waje, shi ma ta gilashin motar Yaya. Sauran kwanaki daga ɗaki sai kicin, daga kicin sai banɗaki, ina wanke kwalaben madara ina shanya ƙananan riguna a bayan kujeru. Har na san fentin da ya ɓare a kowane bango.

Shi kuma Abban Gimbiya ba mugu ba ne, wannan shi ya fi ci mini rai. Da mugu ne da na san abin da zan yi da shi. Zai fita yara ba su tashi ba, ya dawo niƙi-niƙi da cefane, ya sumbaci goshina ya ce in huta abina, shi zai sayo komai. Ranar hutunsa barci ne, ko Yaya ta kira shi ya gyara mata wani abu. Ina son mutumin nan, ina kuma shaƙewa a gidansa.

Ana gobe zan tafi, da la'asar, na ji shi da Yaya a waya, ya sa muryarta a fili yana cin abinci. Yaya tana cewa matarsa ba ta son mutane, ta lafe a gida kamar kunkuru, da ya ji shawararta ya auri 'yar ƙawarta da ta tashi a nan da yanzu yana da mai shiga jama'a. Na tsaya da cokali a hannu ina jiran abin da zai ce.

Dariya ya yi.

"Haka take, Yaya. Ba ta son fita."

Haka nake... Kalmar nan ita ta saya mini tikiti.

Ina nan a bakin lif hawaye ya fara zubo mini, sai ƙofar da ke kallon tamu ta buɗe. Wata tsohuwa ce maƙwabciyata, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu, don harshen ƙasar bai zauna a bakina sosai ba. Ta dubi keken, ta dubi ƙofar lif, ta dube ni, ta girgiza kai. Ta karɓi ɗaya, na ɗauki ɗaya, muka sauka da yara. Ta zauna da su a benci a ƙasa, ni kuma na koma na jawo keken hawa shida, yana dukan ƙwaurina a kowace matattakala.

Bas ɗaya ce ke bi ta layinmu, kuma mijina yana cikin direbobinta. Na lissafa lokacina tsaf don kada mu haɗu, amma matattakala ta cinye mini minti arba'in. Wadda na so shiga ta wuce. Da ta gaba ta taho, tun daga nesa na gane yadda direban yake karkata kai.

Gimbiya ta yi tsalle tana kiran Abba. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙofa ta buɗe. Fuskarsa ta washe da murna, har ya ce ashe yau Gimbiya da tawagarta sun fito. Sai idonsa ya sauka a kan jakar.

"Tawan... ina zuwa?"

"Tashar jirgin ƙasa."

Ya ja birki, ya sauko, ya kama keken zai shigar da shi. Taya ta daki ƙarfen da fasinja ke riƙewa a bakin ƙofa. Ya ja baya ya karkata shi, ya sake turawa. Ya ƙi. Ya sunkuya yana dubawa kamar bai yarda ba.

"Haka yake yi a lif ma," na ce.

"A lif?"

"Bai taɓa shiga ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da Yaya ta kawo shi."

Na ga lissafin yana shiga kansa a hankali. Wata biyar. Hawa shida. Wani fasinja ya buga agogonsa da yatsa, don aikinsu a kan minti yake, kuma ana ganin kowace bas daga ofis. Ya ciro mini yaran ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe keken da ƙyar, abin da ƙarfina bai taɓa iyawa ba, ya shigo da shi ya jingine, ya koma kujerarsa.

A ƙa'idar aikinsu direba ba ya hira yana tuƙi. Don haka mijina da hannunsa ya tuƙa ni zuwa inda zan bar shi, tasha goma sha ɗaya, bai da ikon ce mini uffan. Ina zaune da jarirai biyu a cinya, Gimbiya ta manna hanci a taga tana gaya mini sunan duk abin da ta gani: kare, gada, mai keke, wani kare. Duk lokacin da na ɗaga kai sai in ga idonsa a madubi, ya yi ja.

Ni ma ina kallon garin. Ashe bishiyoyi sun canja ganye ban sani ba.

A tashar jirgi ya tsaya, mutane suka sauka. Ya taso ya buɗe mini keken a ƙasa, ya kwantar da yaran, ya ɗaure musu bel. Minti biyu yake da shi. Na zaci zai roƙe ni in fasa, na ma shirya amsata.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Me ya sa ba ka tambaya ba? Jiya ka ce haka nake."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ba zai hana ni ba, bai da bakin hanawa. Ya tambaya ko tikitin na zuwa da dawowa ne, na ce a'a. Ya ɗaga Gimbiya ya rungume ta har sai da ta ce ya matse ta. Na'urarsa ta yi ƙara daga ofis, ya koma ya ja bas ɗinsa. Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana, zuciyata tana ciwo, amma ban koma ba.

Kwana biyar na yi a wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata. Ta yi mini faɗa son ranta, ta ce karar da ke kulle mutum a ɗaki ba ladabi ba ne, wauta ce, sannan ta karɓi yaran ta ce in je in yi barci. Yaya ta kira sau uku, tana cewa na kunyata ta a dangi, kyautarta ce ta zama abin magana. Daga baya na ji mijina ya same ta har gida, ya yi mata godiyar keken, ya kuma ce maganar 'yar ƙawarta kada ta sake tasowa. Shi bai kira ni ba sai saƙo ɗaya kowace safiya yana tambayar yara. Na yi fushi da hakan ma, duk da ni na tafi.

A rana ta shida da hantsi Gimbiya ta ƙwalla kira daga taga.

Na leƙa. Ga shi nan tafe a kan titi da rigar aikinsa, yana tura wani siririn keke mai kujera gaba da baya, babu kowa a ciki. Haka ya turo shi tun daga tasha, mutane suna kallonsa. Inna ta ce wannan mijin naki ko dai ya zare ne ko kuma yana sonki.

Na sauka na same shi a ƙofa. Ya rame. Ya ce ya auna lif, ya auna ƙofar bas, ya auna ta kantin unguwa, har mai kantin ya zaci ma'aikacin gwamnati ne. Ya ce ya nemi a canja masa lokacin aiki, kwana biyu a mako zai dawo da azahar. Yana ta zuba kamar mai tsoron in ya yi shiru zan rufe ƙofa.

"Ba keke ne kaɗai ba, ka sani ko?" na ce.

"Na sani, Tawan. Na zaci ina hutar da ke ne... ashe kulle ki nake yi."

Hawayena ya zubo. Ya sa bayan hannunsa ya share mini, sannan ya juyo da keken ya ɗora hannuna a kan mariƙin, ya matsa gefe.

"Ban zo in ce ki koma gida ba. Ki faɗa mini, ina kike so mu je?"

Na shiga nema a raina. Shekara huɗu a ƙasar nan, ban san sunan wuri ko ɗaya da zan ce ina so ba. Na fashe da dariya ina kuka.

"Ban sani ba, Abban Gimbiya."

"To ɗauko yaran," ya ce. "Mu bi titin nan har ki sani."