Ranar da Baba Ya Faɗo Kan Dillalin Tsautsayi

"Saki tsanin nan," in ji Baba daga sama. "Ba na son hannunka a kai."

Dogo bai saki ba. Gaisuwa ya zo yi cikin rigarsa da ta sha guga, ya tarar da Baba yana gyaran fankar falo, tsanin kuwa sai rawa yake kamar haƙorin da ya gaji da baki. Auta, wadda dominta aka yi gugar, tana bakin ƙofa riƙe da kofin ruwa.

Laifin Dogo ɗaya ne: inshorar lafiya yake sayarwa. A wajen Baba, mai shagon kayan gini, duk wanda ya biya kuɗin ciwon da bai same shi ba, aika wa ciwon kuɗin mota ya yi. Shi ya sa ya laƙaba masa Dillalin Tsautsayi, ya kuma rantse ba zai ba shi 'yarsa ba.

Dogo ya yi gyaran murya, ya ce in Baba ya amince yana so ya turo manyansa. Baba ya juyo zai ba shi amsa da hannu bibbiyu, ya manta hannun nan ne ke riƙe da shi. Dogo ya saki tsanin a ƙarshe, ya tare tsohon. Baba ya sauka a kan Dogo, kan Dogo ya sauka a kan tayil.

A sashen gaggawa aka kwantar da su gado da gado, labule a tsakani. Baba na dafe da ƙirji yana cewa a yafe masa, Dogo na murmushi jini na bin wuyan rigarsa.

Matar da ke karɓar kuɗi ta leƙo ta tambayi ko dattijon na da inshora. Kafin Baba ya tattara numfashin tsine wa kalmar, Mama ta buɗe jakarta ta miƙa kati.

"Na waye wannan?"

"Naka ne, Malam. Tun bara waccan."

"A wajen wa kika saya?"

Mama ta nuna labule da baki.

Nan da nan aka rufu a kan Baba. Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa, aka tura shi ɗakin hoto aka dawo da shi kamar ango. Ana cewa lafiya uwar jiki. Ba a dai cika faɗin cewa uwar nan sai ta ga kati take sakin fuska ba.

Sai aka juya ga Dogo. Likita ta ce kafaɗarsa ta goce, kuma sai an ɗauki hoton cikin kansa, don tun ɗazu yake tambayar ko an kashe fanka. Mai karɓar kuɗi ta ce ya kawo katinsa.

Dogo ya kalli silin.

"Katinka, nawan," Auta ta ce a hankali.

"Ba ni da shi..."

"Ka bar shi a gida?"

"Ban taɓa yi ba."

Ya bayyana mata, murya ƙasa ƙasa, cewa shi kamasho yake ci, kamfanin bai yi masa inshora ba, kuma duk wata in ya ɗauki kuɗin zai biya, sai ya tuna da ɗakin da zai kama musu, ya mayar asusu. Auta ta rasa ko ta rungume shi ko ta ƙarasa abin da tayil ya fara.

Mai karɓar kuɗi ta shiga zayyana musu ba tare da ta ɗaga kai ba. Shigowa sashen kuɗinsa daban, gadon daban, likita daban. Hoton kai daban, wanda zai duba hoton ya faɗi abin da ya gani shi ma daban, mayar da kafaɗa daban, allurar da za ta hana shi ihu lokacin mayarwar ita ma daban. Da ta faɗi jimla, Dogo ya tashi zaune yana laluben takalmi da ƙafa. Duk abin da ya tara ne, har da ɗoriya. Ya ce a ɗaure masa kai kawai, ya ji sauƙi.

"Kwanta," in ji Auta.

"Gara kan ya tsage da in taɓa kuɗin aurenmu, sanyin idona."

"To kuɗin zan aura?" Hawaye ya zubo mata. "In wani abu ya same ka, da asusun zan riƙa hira?"

Aka yaye labulen da ƙarfi. Baba ne, wayoyi na reto a ƙirjinsa. An gama duba shi kaf ba a sami komai ba sai tsoro da tsamin jiki, kuma abin da ya rage ya biya bai kai kuɗin buhun siminti ba. Ya ji duk abin da suka faɗa.

Ya sa aka kira masa mai karɓar kuɗi, ya shiga ciniki kamar yana shago. Ya ce a cire kuɗin gado, yaron ya tsaya a tsaye. Ta ce ba a yi. Ya ce a ɗauki hoton a ba shi, shi zai duba, ya san tsagewa in ya gan ta a bango. Ta ce ba a yi. Ya ce to a yi amfani da katinsa, ai ciwon nasa ne, yaron tarewa kawai ya yi. Matar ta yi dariya har ta dafe tebur, amma ta ce ba a yi.

Baba ya kalli jinin da ke rigar Dogo. Can ya ce wa Mama ta kira shago a kawo kuɗin ƙarfen da zai saro, a yi wa yaron duk abin da likita ta ce, har allurar hana ihun.

Hoto ya fito lafiya. Da aka dawo da Dogo hannu a rataye, Baba ya yafito Auta.

"Inshorar wajen aikinki, tana ɗaukar miji?"

"Tana ɗauka, Baba."

"To ya turo manyan nasa da wuri, kafin ya sake shiga ƙarƙashin wani. Ba zan biya sau biyu ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi, tana kuka tana dariya. Mama ta gyara zama ta ce ashe dai katin ya yi rana.

"Rana?" Baba ya harare ta. "Shekara nawa ina hawa tsani ban faɗo ba? Sai da kika biya."

Ya juya ya ja bargon Dogo ya rufe masa ƙafa.

"Kai kuma, ɗana, in ka warke ka zo ka riƙe min. Fankar nan ba ta gyaru ba."