Baƙon Da Ya Gyara Wa Sambo Aiki

"Inna, ki daina leƙena ta taga!" in ji Sambo, ɗan hayana a Malali.

Na ce, "Ni da gidana? Kwana uku kana zagin kwamfuta, wai aikin da ka rubuta da yaren kwamfuta na C yana tsayawa a tsakiya, za a kore ka. Jiya da magariba wani dogo ya gyara maka."

"Injiniya ne!"

"Kai in kana bugawa, har ɗakina nake jin ƙas-ƙas. Shi kuwa yatsunsa na gudu, ban ji komai ba, anya mutum ne? Me ka ba shi?"

"Sunan jaririyata kawai ya tambaya, ya rubuta a cikin aikin."

"Sunan da ko uwarta ba ta sani ba tukuna?"

Sambo ya fita ba takalmi, ya bugo ƙofa, ya nufi wurin jaririyar.