Hoton Da Haske Ya Ɓata

Kwana goma sha ɗaya ke nan labulen ɗakin Amarya a sake, tagogi a rufe. Tun ranar da ta haifi 'yarta fara sol, gashi kamar auduga, surukarta Umma ta dasa kujera a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo barka amsarsa ɗaya:

"Barci suke! Likita ya ce kada a tashe su."

Babu likitan da ya ce. Ɗanta Malam kuwa, mijin Amarya, da ƙarfi ta gaya masa don Amarya ta ji: "Zabiya dai ba a jininmu ba. Kafin ƙarshen wata ka ba ta takardarta, ta kai musu abinsu. Ko kuma ka nemi wata uwar!"

Da yamma Malam ya shigo, ya jingina da ƙofa kamar wanda aka biyo. Amarya ta turo ɗankwali gaba, ta riƙe ƙugu, ta karkace baki: "Mu tun kaka da kakanni baƙaƙe ne wuluk, in an ɗauke wuta sai mun yi dariya ake ganinmu!"

Muryar Umma sak! Malam ya toshe baki, dariyar ta fito ta hanci. Ita kuwa tata a tsakiya ta karye, ta koma kuka.

"Za ka sake ni?"

"Ba zan iya ba. Umma ma ban san yadda zan saɓa mata ba."

Washegari ya sauko da kalanda, ya kifa ta a teburin falo. Ya zana da'ira ga mata, akwati ga maza, yadda yake yi wa ɗalibansa a ajin kimiyya.

"Umma, kowane hali gado biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani mai rinjaye ne, ko shi kaɗai sai ya nuna. Wannan kuwa mai ɓuya ne, mutum zai ɗauke shi har ya tsufa bai sani ba. Ba ya fitowa sai ya zo ta ɓangare biyu. Amarya na ɗauke da shi, ni ma haka."

"Kai ma haka? A ajinku dai! Nuna min shi a danginmu!"

Malam ya duba zanensa. Ba shi da akwatin da zai nuna.

Iya, yayar Umma, wadda tun safe aka hana ta ganin jaririya, ta ɗaga sandarta ta nuna tsohon hoton da ke bango. Yara uku ne a jere, na tsakiya fuskarsa fara fat. Kowa a gidan ya san hasken kyamara ne ya ɓata shi, haka Umma ke faɗa.

Iya ta dubi ƙanwarta: "Ke Auta, shekara hamsin kina ɗora wa mai hoto laifi. Wane irin haske ne wannan da ya tsallake ni da ke? Yaro, zana akwati a tsakaninmu. Kawunka ne."

Umma ta ɗaga kai ta dubi hoton.

"A ɗakin baya ya girma," ta ce a hankali. "Ni ake zaunarwa a ƙofa, in ce wa baƙi barci yake. Har ya rasu bai je makaranta ba..."

Ta juya ta kalli kujerarta da ke bakin ƙofar Amarya. Sannan ta tashi ta janye ta, ta tura ƙofar da kanta.

Amarya ta durƙusa, ta miƙa mata jikarta. Umma ta rungume ta tana hawaye.

"Yafe min, 'yata. Kai kuma da kalandarka, samo mata hula mai faɗi, rana ba ta yi wa fatarsu daɗi. Iya, kira maƙwabta!"

Haƙurin Amarya ya tsare mata aurenta. Gado irin wannan gida biyu ke haɗa shi, kuma Allah ne ke rabawa, don haka babu uwar da za a ɗora wa laifi, babu kuma yaron da ya cancanci a rufe shi a ɗaki.